Sa'a da Ƙwarewa a Ma'aunin Shari'a: Darasi daga Gonakin Unguwar Tudu

Tsakure

Wannan maƙala ta duba wata tambaya da ta daɗe a bakin manoma da 'yan kasuwa: idan mutum ya samu, iyawarsa ce ta kawo masa ko sa'a? Ta ɗauki noman yankin Gwarzo da Kabo a matsayin misali, ta auna shi da bayanan malaman tauhidi a kan sababi da ƙaddara, da hukunce-hukuncen fiƙihun Malikiyya a kan lamuni, asara da zakka. Abin da ta tabbatar shi ne, shari'a tana tuhumar bawa a kan ingancin aikinsa, tana ɗauke masa alhakin abin da ya fi ƙarfinsa, kuma ba ta yarda a karanta darajar mutum daga yawan amfanin da ya girba ba.

1.0 Gabatarwa

Unguwar Tudu ɗaya ce daga mazaɓun Ƙaramar Hukumar Gwarzo, a yammacin Jihar Kano, yankin da ke maƙwabtaka da Kabo da Ƙaraye, kuma yake iyaka da Jihar Katsina. Mafi yawan mutanen wannan yanki manoma ne, masu shuka gero, dawa, masara, gyaɗa da wake, kuma abincin shekararsu ya rataya ne a kan damina ta wata huɗu zuwa biyar. A irin wannan wuri, maganar sa'a da ƙwarewa magana ce ta rumbu da tukunya. Maƙwabta biyu kan yi shuka a mako guda, ɗaya ya cika rumbunsa, ɗaya ya shiga awo tun kafin bazara. Daga nan sai hukunci ya biyo baya: a ce wane gwani ne, wane rago ne, ko a ce wane yana da sa'a, wane kuwa ba shi da ita. Wannan hukunci yana shafar wanda za a ba rance, da wanda za a ba aron gona, har da wanda za a ba aure. Don haka wajibi ne ɗalibin ilimi ya san inda shari'a ta ajiye kowane ɓangare.

2.0 Kalmomin da Bahaushe yake amfani da su

Bahaushe yana da kalmomi da dama ga abin da ya zo wa mutum ba da shirinsa ba. Akwai "sa'a", wadda take nufin lokaci kuma take nufin dace, kamar dai mai sa'a shi ne wanda ya zo a kan gaɓa. Akwai "rabo", wato kason da aka yanka wa mutum. Akwai "arziki", daga kalmar Larabci ta rizƙu. Polly Hill, wadda ta yi bincike a Ɓatagarawa ta ƙasar Katsina, ta wallafa littafinta a 1972, ta lura da yadda manoma suke bayyana bambancin wadata a tsakaninsu da kalmar arziki.

Karin maganar Hausa ma ya rabu gida biyu. Ana cewa "sa'a ta fi manyan kaya", "rabon kwaɗo ba ya hawa sama", da "zafin nema ba ya kawo samu". Ana kuma cewa "himma ba ta ga rago" da "iya ruwa fid da kai". Har akwai maganar da ta yaɗu, wai Allah ya ce tashi in taimake ka. Wannan lafazi ba aya ba ne, ba kuma hadisi ba ne, don haka bai halatta a jingina shi ga Allah Maɗaukaki a matsayin zancensa ba, ko da yake ma'anarsa ta dace da umarnin riƙo da sababi. Rukunan nan biyu ba su cin karo da juna: na farko yana magana a kan sakamako, na biyu yana magana a kan aiki.

3.0 Matsayin aƙida

A aƙidar Ahlus Sunna babu wani ƙarfi mai zaman kansa da ake kira sa'a. Duk abin da ya auku, da ilimin Allah da nufinsa da ikonsa ya auku. Abin da mutane ke kira sa'a shi ne ɓangaren ƙaddara wanda sababinsa ya ɓoyu gare su, ko ya fita daga hannunsu. Saukar ruwa a gonar gabas da tsallake ta yamma yana da sababinsa a iska da gajimare, amma manomi bai san shi ba, kuma ba shi da iko a kansa. Muddin wannan ake nufi da kalmar, babu laifi a faɗe ta. Inda take zama haɗari shi ne a ƙudurce cewa wata rana, ko wani tauraro, ko fuskar wani mutum, ita ke jawo samu ko rashi. Hadisin Zaidu ɗan Khalid al-Juhani, wanda Malik da Bukhari da Muslim suka ruwaito, ya yi kakkausan gargaɗi ga mai jingina saukar ruwa ga tauraro. Malamai sun bambance wannan da mai ɗaukar tauraro a matsayin alamar lokaci kawai, kamar yadda tsofaffin manoma suke lissafin shigowar damina. A wannan babi na halal ne hasashen damina da Hukumar Kula da Yanayi ta Nijeriya take fitarwa kowace shekara yake shiga, domin zato ne da aka gina a kan al'adar da Allah ya gudanar.

Ita ma ƙwarewa baiwa ce daga cikin abin da aka ƙaddara. Lafiyar jiki, kaifin hankali, da uban da ya koya wa yaro riƙon fartanya, babu wanda mutum ya zaɓa wa kansa. Sai dai akwai bambanci: ƙwarewa tana bi ta hanyar zaɓin bawa da ƙoƙarinsa, abin da Ash'ariyya suke kira kasbu, kuma a kan wannan ne aka ɗora umarni da hani. Imam as-Sanusi (ya rasu 895 H), wanda ake karanta littafinsa *Ummul Barahin* a zaurukan ƙasar Hausa, ya sanya alaƙar sababi da sakamakonsa a babin hukuncin al'ada, wato haɗi ne da ake gani yana maimaituwa, amma yana iya saɓawa. Ibn Taimiyya (ya rasu 728 H) ya tafi a kan cewa Allah ya sanya tasiri a cikin sababan, sai dai babu sababin da ke aiki shi kaɗai, sai ya samu mataimaka kuma an kawar da abubuwan da ke hana shi. Duk da wannan saɓani, makarantun biyu sun haɗu a kan abin da ya shafi manomi: barin sababi aibi ne, dogaro da shi kaɗai kuma ɓata ne. Ash-Shaɗibi (ya rasu 790 H) ya bayyana a cikin *al-Muwafaƙat* cewa abin da aka ɗora wa bawa shi ne aikata sababi, samar da sakamako kuwa na Allah ne. Ayoyi na 63 zuwa 65 na Suratul Waƙi'a sun kafa wannan rabo da misalin noma kansa: an jingina wa mutum aikin gona, an jingina tsirarwa ga Allah.

4.0 Tudu da fadama: ina iyakar hannun manomi?

Lokacin da Sayyidina Umar (Allah ya yarda da shi) ya isa Sarg a hanyarsa ta Sham, zamanin annobar Amwas wajen shekara ta 18 bayan Hijira, ya yanke shawarar komawa. Abu Ubaida (Allah ya yarda da shi) ya tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi. Umar ya buga masa misali da mai raƙuma da ya sauka a kwari mai gefe biyu, ɗaya mai ciyawa, ɗaya ƙeƙasasshe: duk gefen da ya kai dabbobinsa, da ƙaddarar Allah ya kai su. Bukhari da Muslim sun ruwaito ƙissar. Makiyayi bai halicci ciyawa ba, amma shi ya zaɓi gefe, kuma a kan zaɓin za a tambaye shi.

Imam al-Gazali (ya rasu 505 H), a babin tauhidi da tawakkali na *Ihya'u Ulumid Din*, ya kasa sababai kashi uku, kuma kason ya yi daidai da aikin gona. Na farko shi ne sababi na yanke, wanda al'ada ba ta saɓa masa, kamar shuka ga mai son girbi. Barin irin wannan ba tawakkali ba ne. Na biyu shi ne sababi na rinjayen zato, wanda yakan haifar da sakamako mafi yawan lokaci. Yawancin ƙwarewar manomi a nan take: zaɓen iri, kai takin gida gona tun da rani, yin noman fari a kan kari, haɗa gero da wake a gona ɗaya domin in ɗaya ya ƙi ɗaya ya yi, cire ƙuduji kafin ya zubar da 'ya'ya, da raba ƙarfi tsakanin gonar tudu da ta fadama. Riƙo da wannan ba ya karo da tawakkali. Na uku shi ne sababi na wahami, wanda babu dalilin shari'a ko na gwaji a kansa. A nan ne bugun ƙasa, da camfin ranaku, da binne laya a kusurwar gona suke shiga, wasunsu ma suna kai wa ga haramun bayyananne, kamar yadda hadisin Muslim ya nuna a kan mai zuwa wurin ɗan duba.

Shukar binne misali ce mai kyau ta kashi na biyu. Manomi yakan zuba irin gero a busasshiyar ƙasa kafin ruwan farko. Idan ruwa ya sauka da ƙarfi kuma ya ɗore, ya riga kowa. Idan yayyafi ne ya tsirar da irin sannan aka yi ɗauke, sai ya sake shuka. A ƙaddara manoma biyu a Unguwar Tudu: na farko ya yi binne a rabin gonarsa, ya ajiye irin sake shuka, na biyu ya zuba dukan irinsa bai rage komai ba. A shekarar da ruwa ya ɗore, na biyu zai fi samun damma, a kira shi gwani. Amma shawarar na farko ita ce mafi inganci ko a wannan shekarar, domin ya yi tanadin abin da bai sani ba. Kaka ɗaya ba ta isa shaida ba. Sai an jera shekaru, masu ruwa da masu fari, sannan a ga wanda gidansa bai taɓa rasa iri ba.

Tarihin ƙasar Kano ya nuna ɓangarorin biyu. Alhassan Ɗantata (ya rasu 1955) bai shimfiɗa titin jirgin ƙasa da ya iso Kano a 1911 ba, bai kuma sa Turai ta buƙaci man gyaɗa ba. Wannan dama ta zo wa duk attajiran zamaninsa. Abin da ya zo da shi shi ne gogewar fataucin goro zuwa Gwanja, da sanin wakilai, da riƙon amana. A ɗaya ɓangaren, farin da aka yi daga 1972 zuwa 1974 bai tambayi gwani ko rago ba, sannan a 1975 annobar cutar da ke tsumburar da gyaɗa, wadda ƙwarin darɓa ke yaɗawa, ta lalata kimanin hekta 700,000 a Arewacin Nijeriya. Bayan haka noman gyaɗa na fitarwa waje bai koma yadda yake ba.

Sai dai iyakar da ke tsakanin abin da ake kira sa'a da abin da ake kira ƙwarewa tana matsawa. Bincike ya tabbatar cewa shuka gyaɗa da wuri kuma a cunkushe yana rage kamuwa da wannan cuta, kuma Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, ta fitar da irin da ke jure mata. Madatsun ruwa irin su Tiga, da aka kammala a 1974, da Challawa a ƙasar Ƙaraye a 1992, da Guzuguzu a ƙasar Kabo, sun buɗe wa wasu manoma ƙofar noman rani. Abin da kaka ya ɗauka a matsayin ƙaddarar da ba ta da magani, jika yana iya zama mai sakaci idan ya bar maganinsa alhali ya sani kuma yana da hali. Ƙissar barin ƙwaryar dabino a Madina, wadda Muslim ya ruwaito, ta tabbatar da wannan asali: Annabi (tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi) ya mayar da sanin irin wannan sha'ani na duniya ga ma'abotansa. Haka Annabi Yusuf (amincin Allah ya tabbata a gare shi) bai hana shekarun fari zuwa ba, amma ya umarci a bar hatsi cikin zangarniyarsa, wanda shi ne abin da Bahaushe yake yi idan ya ɗaure dami ya zuba a rumbu.

5.0 Yadda fiƙihu ya raba alhaki

Wannan rarrabewa ba ta tsaya a littattafan tauhidi ba, ta sauko cikin hukunci. Asalinta shi ne hadisin Amru ɗan al-As a Bukhari da Muslim, wanda ya ba alƙalin da ya yi ijtihadi ya dace lada biyu, wanda ya yi ijtihadi ya kuskure lada ɗaya. Malamai sun sharɗanta cewa wannan ga wanda ya cancanci ijtihadi ne. Jahilin da ya yi hukunci yana da laifi ko da ya faɗa a kan daidai. Ke nan gwanin da bai dace ba yana da lada, mai dacen da bai iya ba yana da zunubi.

A kan wannan ƙa'ida aka gina mas'aloli da yawa. Hadisin da Abu Dawud da Nasa'i da Ibn Majah suka ruwaito ya ɗora lamuni a kan wanda ya yi magani alhali ba a san shi da ilimin magani ba. A ƙiradi, inda ɗaya ya ba da jari ɗaya ya yi fatauci, asarar da ta zo ba da sakaci ba tana kan mai dukiya, shi kuwa mai juyawa ya yi asarar wahalarsa. Wanda ya ba yaronsa kuɗi ya sayo hatsi a kasuwar Getso, farashi ya faɗi kafin a sayar, ba shi da ikon ya tilasta masa biya, sai idan yaron ya saɓa sharaɗi ko ya yi sakaci. Malikiyya sun ɗora wa masu sana'a, irin su maɗinki da marini, lamunin kayan da suka karɓa suka ɓace a hannunsu, domin kare dukiyar jama'a, amma sun ɗauke shi idan shaida ta tabbatar cewa kayan sun halaka ba da hannunsu ba. Akwai kuma hukuncin ja'iha da ya zo a *Risala* ta Ibn Abi Zaid: wanda ya sayi 'ya'yan itace a kan bishiya, annoba irin ta fara ko ƙanƙara ta ci sulusi ko fiye, ana rage masa kuɗi gwargwadon abin da ya halaka. Wannan ya shafi masu sayen mangwaro a lambu kai tsaye.

Zakkar amfanin gona ta fi kowane hukunci bayyana wannan awo. Hadisin Ibn Umar a Bukhari ya wajabta ushuri a kan abin da ruwan sama ya shayar, da rabin ushuri a kan abin da aka shayar da wahala. Manomin gero na damina da ya kai nisabi, wato wusƙi biyar, zai fitar da ɗaya cikin goma. Mai noman alkama da injin ban-ruwa zai fitar da ɗaya cikin ashirin. Gwargwadon yadda kyauta ta rinjayi wahala a cikin samu, gwargwadon haka haƙƙin mabuƙata yake ƙaruwa.

Game da caca, matasa masu cacar ƙwallo a waya sukan kafa hujja da cewa sanin ƙungiyoyi ƙwarewa ce, kuma noma ma ai kasada ne. Amsar ita ce, haramcin da ya zo a ayoyi na 90 da 91 na Suratul Ma'ida bai rataya a kan yawan gwaninta ko ƙarancinta ba. Manomi yana ɗaukar kasadar da ke cikin samar da abinci, kuma idan ya samu babu wanda ya rasa dominsa. Ɗan caca yana ƙirƙiro kasadar da babu ita, kuma ribarsa asarar wani ce. Ƙuri'a kuwa ta halatta ne a inda haƙƙoƙi suka yi daidai kuma babu wanda ya zuba dukiya, kamar yadda Annabi (tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi) yake yi tsakanin matansa idan zai yi tafiya.

6.0 Kurakurai biyu

Kuskure na farko shi ne na mai samu da ya mayar da komai ga iyawarsa. Wannan ita ce da'awar Ƙaruna a Suratul Ƙasas, da ya ce wani ilimi da ke wurinsa ne ya tara masa dukiya. Illar wannan tunani ga al'umma ita ce, wanda ya gaskata cewa shi ya yi kansa zai gaskata cewa talaka ma shi ya jawo wa kansa, sai zakka ta yi masa nauyi, ya riƙa ganin mai neman rancen iri a matsayin malalaci. Ƙissar ma'abota lambu a Suratul Ƙalam, waɗanda suka yi sammako domin su girbe kafin miskinai su farga, ta nuna ƙarshen wannan hanya.

Kuskure na biyu shi ne na mai sakaci da ya fake da rabo. Wanda ya bar gonarsa ciyawa ta cinye, ko ya sayar da takin da ya samu, ko ya ci irin shuka ba bisa larura ba, sannan ya ce haka Allah ya so, ya yi amfani da kalmar gaskiya a inda ba muhallinta ba. Malamai sun ce ana kafa hujja da ƙaddara a kan musiba, ba a kafa ta a kan aibi. Hadisin Abu Huraira a Muslim a kan mumini mai ƙarfi ya jera matakan: kwaɗayin abin da ke da amfani, neman taimakon Allah, ƙin gajiyawa, sannan sallamawa ga ƙaddara bayan abu ya auku. Sultan Muhammadu Bello (ya rasu 1837) ya rubuta *Tanbihus Sahib ala Ahkamil Makasib* yana kwaɗaitar da jama'a neman halal ta hanyar sana'a, alamar cewa jagororin jihadin Sakkwato ba su fahimci tawakkali a matsayin zama ba.

7.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, ana iya fitar da abubuwa uku ga masu karantarwa da masu fatawa a yankin Gwarzo da Kabo da makamantansu. Na ɗaya, idan aka kawo rigimar asara tsakanin mai jari da mai juyawa, ko mai gona da ɗan ƙodago, tambayar farko ita ce ko an yi abin da masana sana'ar suke ɗauka wajibi, kuma su ne za a tambaya. Na biyu, wa'azin ƙaddara da ake yi a farkon damina ya kamata ya ƙarfafa sababi, wanda ake yi bayan fari ko ambaliya kuma ya ƙarfafa haƙuri da taimakon juna, domin sauya musu wuri yana haifar da lalaci a farko da zargi a ƙarshe. Na uku, ya kamata a tunatar da wanda rumbunsa ya cika cewa maƙwabcinsa da gajimare ya tsallake yana iya fin sa iya noma, kuma yana da haƙƙi sananne a cikin abin da ya girba. Allah ne mafi sani, kuma shi ne mai datarwa.